Ginshiƙin da Aka Yi wa Lulluɓi

…kuma a bakin ƙofa. A bakin ƙofa fa! Duk faɗin ɗakin saƙar nan da ya cinye mata ƙuruciya, ya haɗa da kunnuwanta biyu ya cinye, a ce babu inda ya dace da Inna sai kan dakalin matakala, inda a da ake jingine tsintsiya da bokitin yashi. Kujerar roba ce fara. An dai goge ta, ba laifi. Auta ce ta ajiye ta da hannunta — 'yar da ta haifa da cikinta, wadda yau kowa ke ce wa Injiniya, har da masu furfura. Ta ajiye, ta dubi ƙasa, ta ja ta baya, ta sake dubawa, ta ƙara ja, sai da ƙafafun kujerar duka huɗu suka bar katako suka hau dutse. Sannan ta ɗora mata jikar a cinya, ta sunkuyo daidai fuskarta yadda za ta ga bakinta.

"Inna, nan za ki zauna. Riƙe mini ita. Kome za a yi, kada ku shigo ciki."

Kada ku shigo. To, an ji.

Wai ita za a yi wa wayo? Ta san dalili sarai. Muryarta ce. Wanda ba ya jin kansa ai bai san inda muryarsa ke kaiwa ba. Tana cewa sannu da zuwa sai a ce an jiyo ta a bakin titi. Ranar da Auta ta gama karatu ba haka aka yi ba? Ta ce wa matar da ke kusa da ita, a hankali a nata ganin, "Waccan tawa ce," sai ga ɗakin taro duka ya waiwayo, har mai jawabi ya dakata. Auta ta yi dariya a ranar, amma dariyar ba ta kai ido ba… Yau kuma ga manyan baƙi. Wa zai kai kurma gaban manyan baƙi? A ajiye ta inda ake ajiye tsintsiya, ta yi raino. Abin ya yi mata ciwo, gaskiya, ya yi mata ciwo ƙwarai, ko da yake murmushi ta yi ta ce Allah ya ba da sa'a.

Ka gani ko, baban Auta? Kai ka huta, ƙasa ta rufe maka ido ba ka ga wannan ba.

Masaƙar ai ta daɗe da mutuwa. An kwance injinan an kwashe, jiniya ta yi shiru, tantabaru suka gaje hawa na uku. Gangar jikin kawai ta rage, ita ma mai filin so yake ya rushe ya yi wurin ajiye motoci. Katafilarsa tana can bayan marina, rawaya, ta kwantar da hannu a ƙasa tana jira — ɗazu da suke hawowa Inna ta leƙa ta tagar matakala ta gan ta. Auta ce ta tsaya kai da fata ta ce ba za a rushe ba. Ta yi ta sintiri ofis-ofis har takalmi ya cinye, ta samo masu kankare fenti, masu sa gilashi, masu korar tantabaru. Ga sakamakon can a layin gaba, kwamitin kula da gine-ginen tarihi, da shugabansu wanda tumbinsa ya riga shi shigowa. In suka ce ginin tarihi ne, shi ke nan, ba mai taɓa ko bulo ɗaya. In suka kaɗa kai kuwa, katafila ta ɗaga hannu. Da an ce sai ƙarshen shekara za su zo. Kwatsam aka ce a'a, wannan makon. Tun daga ranar Auta ta daina cin abinci kamar mutum.

Gini dai gini ne, ko maƙiyi ya san da haka. Jan bulo, kowane ɗaya an zaunar da shi kamar ba hannu ya sa ba. Tagogi dogaye masu lanƙwasasshen kai. Bututun hayaƙin nan da ake hangowa tun daga tasha — "In kin ɓace, Auta, ki nufi bututu, za ki same ni a gindinsa," haka take gaya mata tana ƙarama. Rufin kuma mai haƙoran zarto, gilasansa duk suna kallon gefe guda, gefen da rana ba ta bugowa, don haske ya sauko wa zare a sanyaye. Su mutane ba don su aka yi ba, don zare aka yi, amma sun sha albarkacinsa. Ita kuwa matakalar nan da take zaune a kanta dutse ce zalla, an gina ta daban a jikin ginin, da ƙofar ƙarfe a tsakani, saboda gobarar auduga. Baban Auta yakan buga mata tafin hannu in suna sauka, ya ce ko duk masaƙar ta zauna, wannan tana nan tsaye… Shi da surutu a kan ƙarfe da dutse, sai ka ce danginsa ne.

Jikar ta yi barci. Takwararta ce, kuma ta gado nauyin ƙashinta, cinya har ta fara mutuwa.

Daɓen ma ba su taɓa shi ba. Katako mai kauri, baƙi wuluk, ya sha man inji ya ƙoshi. Can kusa da bango akwai wasu 'yan ramuka biyu gefe da gefe, inda ƙafafunta suka ci itacen a tsaye gaban inji. Ɗazu Auta ta kai baƙin wurin tana nuna musu da yatsa, suka sunkuya suna ta ɗaukar hoto. Hoton rami! Ga mai ƙafar zaune a bakin ƙofa da ranta da lafiyarta, ba wanda ya ce mata ci kanki, amma rami ya sha hoto.

Me ake faɗa ne a can? Auta tana kan ɗan dandamali, makirfo a gaban baki, ya rufe leɓɓan ruf. Ba don wannan baƙin abu ba da daga nan Inna ta kwashe jawabin tsaf, ko a ina mutum yake a ɗakin. A nan ai ba a taɓa magana da murya ba. Wace murya? Injina na bugawa, ƙoshiyar saƙa na kaiwa da komowa, bel na gudu a sama, ko ka tsage maƙogwaro na kusa da kai ba zai san kana yi ba. Sai leɓe. A buɗe baki sosai, a tauna kalma a hankali, babu sauti ko ƙanƙani, na can ƙarshen ɗaki ya ɗauka. Da leɓe aka yi gulma a ɗakin nan, da leɓe aka yi faɗa, aka yi barka, aka yi ta'aziyya. Da leɓe baban Auta ya fara ce mata yana ciki, yana kwance ƙarƙashin injinta da sifana a hannu, fuska duk baƙin mai. Ta ce masa ya je ya wanke fuska tukuna a ga abin da ake saye.

Auta ta iya tun kafin ta iya magana. Inna ta taso daga aiki, ta biyo ta bayan makaranta, ga 'yar fuska a gilashin aji — Kin ci abinci? — Na ci. — Ƙarya kike. — Dariya, hannu a baki kada malami ya gani… Har ranar da 'yan ajin suka fara kwaikwayonsu, suna murguɗa baki kamar akuya na tuƙa. Ta dawo gida ido jawur. "Inna, don Allah ki daina yi mini wannan bakin a gaban mutane." Ta daina. Tun daga ranar leɓɓansu ba su sake gaisawa ba.

To su kuma waɗannan fa? Matasa ne suka fito fili, maza da mata, 'ya'yan tsofaffin ma'aikata da jikokinsu. Wai za su nuna wa baƙi yadda ɗakin yake ƙara a zamaninsa. Tafi, tafi, bugun ƙafa. Tafi, tafi, bugun ƙafa. Ba ji take ba, gani take: hannuwa na haɗuwa, gwiwoyi na tashi tare, suna sauka tare…

Tare.

Gabanta ya faɗi, tun ba ta san dalili ba.

A'a, yara, ba haka ba ne. Wa ya koya muku? Inji ba ya bugawa tare da ɗan'uwansa. Ba a bari. Da safe heluma, shugaban ma'aikata, ke tsayawa a tsakiya, ya ɗaga hannu, layin farko ya tashi. Ya jira, ya jira, sai bugun ya warwatse, sannan ya ɗaga wa layi na biyu. In kika ji injinki ya daidaita da na maƙwabciyarki, ki tsayar, ki ja numfashi, ki sake tayarwa. Sabuwar yarinya kafin a koya mata ƙulla zare wannan ake fara koya mata. Hayaniya ba ta kashe gini. Jituwa ce ke kashe shi — bugu ɗaya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya.

Kai, yara ne kawai. 'Yan tsiraru. Ɗakin da ya ɗauki injinan ƙarfe bai gaza ba, sawun yara ne zai dame shi?

Amma ƙafarta ta riga ta fita daga takalmi. Ba ta aike ta ba, da kanta ta tafi, ta tsallake bakin ƙarfen ƙofa, ta sauka a kan katako. Ba shiga ba ce ai. Ƙafa ɗaya ce. Auta ba ta ce komai a kan ƙafa ɗaya ba.

Katakon na rawa.

Ƙarya ne. Likita ya faɗa, suga ta taɓa jijiya: za ki ji kiyashi na tafiya, za ki ji ƙasa na motsi, duk ƙafarki ce ke yi miki ƙarya, Inna, kada ki biye mata. Sau nawa ta tashi Auta a gida tana cewa bango na girgiza, aka duba ba komai? Tsufa ne. Tsufa da haushi. An ajiye ki a bakin ƙofa, shi ne kike neman abin da za ki ɓata wa yarinya ranarta. Ki ji kunya mana.

Ta janyo ƙafar ta ɗora a kan dutse. Shiru. Sanyi kawai.

Ta mayar kan katako. Rawa.

Dutse… shiru. Katako…

In suga ce, yaya aka yi ta san bakin ƙofa?

Ta san rawar nan. Wuta ce aka ɗauke wata rana, da hantsi, tana da cikin Auta. Ɗaki ya yi tsit, irin shirun da ke sa kunne ƙara, kowa ya zube a kan dilar zare ana miƙe baya. Aka shagala, ba wanda ya tuna ya kashe injinsa. Sai aka kawo wutar — duka suka tashi, duka, bugu ɗaya, kamar hannu ɗaya ne ya mare su. Daɓe ya ɗago ƙarƙashin ƙafarta ya koma, ya ɗago ya koma, kamar ƙirjin mai barci. Ƙurar auduga ta zubo daga rufi fara fat. Ko'ina ka duba leɓɓa ne ke salati ba murya. Heluma na gudu yana ɗaga hannu biyu, kashe, kashe, kashe! Kuma a gaban idonta ginshiƙi na uku daga taga ya buɗe baki. Ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa, ba ya gargaɗi; tsagewa kawai ya yi daga wuya ya gangaro, siririn layi baƙi, sai ka ce an ja gashi a jikin fenti. Cikin da take ɗauke da shi ya motsa. Ta dafe shi da hannu biyu ta ce wa abin da ke ciki, da leɓe, zauna, zauna, ba yanzu ba.

Kai ne ka ɗaura masa ɗamara, baban Auta. Kai da sauran masu gyara, ƙarfe mai faɗin tafin hannu, an gasa shi ja aka naɗa, aka ɗaure da manyan notuna, aka shafe da fenti kamar ba a yi ba. Ka dawo gida da ƙuna a hannu kana cewa, "Ya tsaya. Amma ranar da aka kwance masa ɗamara, ranar zai durƙusa." Kana dariya ka faɗa. Komai da dariya kake faɗa, har ranar da tari ya…

Ɗaya. Biyu. Ido ba ya ƙarya ko da ƙafa na yi. Ga ginshiƙan nan a jere, sirara, an kankare musu fenti sun fito tsirara da baƙin ƙarfensu, kawunansu da 'yar kwalliyar ganye da ba ta taɓa sanin suna da ita ba. Na farko daga taga, na biyu… na ukun shi kaɗai aka yi wa lulluɓi. Yadin masaƙar ne, mai shuɗin ratsi, irin wanda ta saƙa har ta daina ganin launinsa. An naɗe shi daga wuya har ƙasa. Ɗazu ta gani ta ce a ranta, kai, yarinyar nan ta iya kwalliya. A gindinsa aka kafa dandamalin, aka zagaye da igiya, aka ja kujeru nesa da shi.

To ina tudun? Ɗamara mai kauri haka, da notuna kamar dunƙulen hannu, ko bargo aka rufa mata sai ta turo. Yadin nan kuwa ya sauko sumul, babu ko ƙwarzane.

Wataƙila an gyara ta wata hanya. Yanzu akwai dabaru, ana cusa abu ta ciki, ana liƙewa da wuta, wa ya sani? Yarinyar ta yi karatu, ba ramuka ta tsaya ci a katako ba. Ta fi ki sani, Inna, ta fi ki sani nesa ba kusa ba…

Notin.

Makon jiya ne — a'a, ranar da aka ce kwamiti sun matso da zuwansu, ko washegari. Auta ta shigo tafin hannu jawur da tsatsa, ba ta ko yi sallama da kyau ba. Ta ciro wani ƙaton noti daga jaka, ya cinye, ya ruɓe, gefe guda ya ɓare kamar busasshen burodi. Ta ajiye shi a ƙarƙashin hoton babanta, ta tsaya tana kallonsa. Aka zuba abinci ta ce ta ƙoshi. Inna har ta ji daɗi a ranta, ta ce Allah sarki, ta tsinto abin tunawa da ubanta.

Tsatsa ta cinye ɗamarar ke nan. Masu kankare fenti sun taɓa, ta zubo a hannunsu.

A'a. Da ta faɗa. Da ta ce wa kwamiti ku dakata… su dakata? Su ga tsaga a ginshiƙi, mai fili na tsaye a bayansu yana murza hannu, katafila na bayan marina? Wa zai ce a bar ginin da ke shirin kashe mutane? Kafin a ƙera sabuwar ɗamara an gama kwashe bulo. To amma ko ta manta labarin ne? Yaya za ta manta? Wasu yaran da tatsuniya aka yi musu barci, ita da ginshiƙi na uku aka yi mata. Inna, ba ni na ranar da aka kawo wuta. Inna, ina cikinki a lokacin ko? Na ji tsoro? Ke ce kika shayar da ita ginin nan tare da nono, yanzu kuma kina mamaki.

Dubi hannun Auta. Na dama na riƙe da makirfo, na hagu kuwa yana baya, a ɓoye, tafin a shimfiɗe a jikin yadin. Haka ake dafa inji in ana so a ji ko yana da zazzaɓi. Haka uwa ke dafa goshi.

Ta yi lissafinta, tabbas ta yi. Mutane a zaune, nesa da shi, ɗan jawabi, a tafa, a sauka. Zai ɗauka. Mutum a zaune ba shi da nauyi. Amma wa ya sa yaran nan a lissafi? Dubi yadda take kallonsu — ba ta san da su ba, wallahi ba ta sani ba, wani mai son burgewa ne ya shirya ya ɓoye mata don ta ji daɗi. Murmushin na nan a fuskarta, an manna shi, amma wuyanta ya sandare.

Su gama mana. Ai sun nuna, an gani, Allah ya yi albarka, ku zauna…

Shugaban kwamiti ya miƙe. Abin ya shige shi, dariya yake har tumbi na tsalle, ya juya ga jama'a yana buɗe hannuwa: ku tashi, ku tashi duka! Bakinsa a fili yake, Inna ta karanta ba wuya. "A tayar da masaƙa!" in ji shi. Kujeru na ja da baya. Mata na gyara mayafi. Tsofaffin ma'aikata na layin gaba su ma sun miƙe, wasu na share hawaye, suna ɗaga ƙafa da ƙyar suna saukewa. Ku ma? Ku da kuka sani? Ina, ba su sani ba. Wancan na marina ne, waccan ta ɗakin kaɗi ce a ƙasa, wancan direba. 'Yan hawa na uku ƙurar auduga ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta kwashe, heluma, da maƙwabciyarta, da kai, baban Auta. Ita kaɗai ta rage da ta ga bakin ginshiƙin a buɗe, ita kuma an ba ta raino.

Tafi, tafi, bugu. Tafi, tafi, bugu.

Yanzu ba rawa ba ce. Numfashi ne. Katakon na ɗagowa ƙarƙashin tafin ƙafarta yana komawa, ta san shi, ta san shi kamar yadda ake sanin tafiyar miji a soro. Daga tsakanin haƙoran rufi wani farin abu ya fara saukowa a cikin hasken la'asar, a hankali, a hankali. An share, an wanke, an kori tantabaru, amma ashe ƙurar auduga tana nan a maƙale a saƙo-saƙo tana jiran a kira ta. Wata mata ta ɗaga kai tana murmushi, ta tara hannu. Ta ɗauka cikin shirin ne.

Tashi, Inna. Tashi mana! Gwiwa ta ƙi, cinya ta mutu, yarinyar ta yi nauyi kamar an jiƙa ta. A ajiye ta a ina, a kan matakala ta gangara? A shiga da ita? Kome za a yi, kada ku shigo… To ihu. Ke da ake jiyowa a bakin titi, ke da kika tsayar da mai jawabi, yau ga ranar muryarki. Ta cika ƙirji, ta buɗe baki, ta saki duk abin da take da shi.

Ba wanda ya waiwayo. Ko na kusa da ƙofa, da ke taku ɗaya da ita, bai motsa kunne ba.

Ta sake. Ta kai hannu maƙogwaro ta ji — ba ya motsi. Babu komai a ciki. Leɓɓa ne kawai ke aiki, a buɗe sosai, suna tauna kalma a hankali yadda aka koya musu. A ɗakin nan, da wannan bugun a ƙafa, maƙogwaronta bai san ana magana da shi ba. Bai taɓa sani ba. A kasuwa ya iya, a gidan biki ya iya, a inda duk zai ba ta kunya ya iya. A nan kuwa ya koma ya kwanta kamar yadda ya saba, ya bar wa leɓe aiki.

Auta. Auta. Ginshiƙi. Babu ɗamara. Fito.

Wa zai karanta? Masu karantawa suna ƙarƙashin ƙasa. Ita kuma ɗayar ta ce a daina yi mata wannan bakin a gaban mutane, ga mutane kuwa iya ganinka…

Ashe idon Auta na kanta. Tun yaushe? Ta saman kawuna, ta cikin ƙurar da ke sauka, daga can ƙarshen ɗaki, kamar ta gilashin aji. Ta ɗaga hannun dama sama, da makirfon a ciki, tana yi wa jama'a alamar su tsaya, su tsaya — suka ɗauka kiɗa take ba su, suka yi shewa, suka ƙara wa bugun ƙarfi. Ta sauke hannun. Ba ta mayar da makirfon baki ba, ta bar shi ya rataya a gefenta. Fuskar ta fito fili. Leɓɓan suka buɗe, sosai, a hankali, a gaban shugaban kwamiti, a gaban mai fili, a gaban kowa da kowa, tsaf kamar ba a taɓa dainawa ba.

Na sani, Inna.

Hannun hagu bai bar jikin yadin ba.

Riƙe ta. Kada ki tashi daga kan dutsen.

Dutsen…

Inna ta sunkuyar da kai. Ƙafafun kujera huɗu, farare, duka a kan dutse, an ja su baya, an duba, an ƙara ja. Ba maganar tsintsiya ba ce. Ba murya ba ce, ba kunya ba ce, ba manyan baƙi ba. Duk faɗin masaƙar nan wuri ɗaya ne ubanta ya ce zai tsaya ko kome ya zauna, nan ta kawo abin da take da shi a duniya, su biyu, ta ajiye, ta koma ta tsaya a gindin ginshiƙin da kanta don kada wani ya tsaya a wurin. Ita kuwa tana nan tun ɗazu tana jin haushin rami ya sha hoto.

Wayyo Auta. Wayyo 'yar nan…

Tafi, tafi, bugu. Yadin ya motsa a wuyan ginshiƙi, ko iska ce? Babu taga a buɗe. Yarinyar ta yi juyi cikin barci, ta cusa fuska a ƙirjinta, Inna ta ƙanƙame ta da hannu biyu kamar yadda aka ce mata. Ba ta tashi ba. Ya kamata ta janyo ƙafar nan ta mayar kan dutse, ta sani, amma ta bar ta a kan katakon. Ta nan kaɗai take jin abin da hannun 'yarta ke ji.